Ɗinkin da Ke Ƙarƙashin Jan Layi

Shekara goma sha ɗaya muna hawa ɗaya da Malam Salifou a wani dogon bene na La Courneuve, a gefen Paris, ƙofarsa tana kallon tawa, amma sai a shekara ta uku na san ɗan majema ne. Ni jakunkunan mata nake sayarwa a Aubervilliers, irin masu ƙyallin nan. Wata rana ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya mayar mini yana yamutsa fuska. Ya ce, "Daouda, wannan ba ta taɓa zama a jikin dabba ba." Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

A Damagaram aka haife shi, cikin warin bagaruwa da jiƙaƙƙiyar fata. Ya zo Faransa karatu, karatun bai ƙaru ba, shi kuma kunya ta hana shi komawa. Matarsa Raliatou ta rasu ba su haihu ba. Tun daga nan ɗakinsa ya yi tsit. In ba ranar Juma'a ba, ba ka jin ya yi magana da kowa da Hausa sai ni, ni ɗin ma rabin hankalina yana kan waya.

Aikinsa gadi a wani gidan tarihi na Paris, shekara ashirin da shida. Aka ba shi wani ɗaki na can ƙurya wanda baƙi ke bi kawai in sun ɓata hanyar fita. A tsakiyar ɗakin, cikin gilashi, akwai wata farar riga ta fatar karibu, wata dabba mai rassan ƙaho ta ƙasar ƙanƙara a arewacin Kanada. An yi mata zane da jan layi da rawaya, siri-siri, tun daga wuya har ƙasa. Ƴar takardar da ke gefe ta ce rigar maharbi ce, ɗan ƙabilar Naskapi, ta kuma kawo sunan Baturen da ya zo da ita da shekarar da ya zo.

Mutum ya wuni da abu shekara da shekaru, dole ya san shi. Salifou kuwa da idon majemi yake kallo. Ta gefen hagu, kusa da bakin rigar, ya gano wani ɗan ɗinki da bai kai tsawon yatsa ba. Nan wuƙar kankare gashi ta zame ta huda fatar. An ɗinke wurin da jijiya, ɗinki na gwanar gaske, sannan jan layin da ke tafe a miƙe ya ɗan karkace ya bi ta kai ya rufe shi.

Ya ce mini, "Hannu biyu ne, Daouda. Wadda ta iya wannan ɗinki ba za ta huda fata haka ba. Yarinya ce mai koyo ta huda, uwar ta rufa mata asiri."

Ranakun hutunsa ya riƙa zuwa ɗakin karatu yana bin tsofaffin rubuce-rubucen ƴan mishan da masu binciken al'adu. Ya dawo yana huci. A cewarsa sun auna tsawon takalmin tafiya kan ƙanƙara, sun ƙirga sandunan tanti, sun rubuta yadda maharbi ke gasa ƙashin kafaɗar dabba ya duba tsagewar don sanin inda garke yake. Da suka zo kan fata, a littattafan da ya samu, sai su ce mata ne ke gyara ta, su wuce. Ba suna ko ɗaya. Ya ce ko sunan da ke jikin takardar wasu ne suka fara kiran su da shi, yawancinsu Innu suke ce wa kansu.

Ya gaya wa shugabar sashensu. Ta ce, "Très intéressant," wai abin sha'awa ne ƙwarai, ta duba agogo. Ya gaya wa masu zagayawa da baƙi, suka yi masa murmushin da ake yi wa tsoho. Ni ya gaya mini ya fi sau arba'in, har in na ga ya fara sai in ce, "Malam, surukarka ta cikin gilashi kuma?"

A shekarar da ya ajiye aiki aka ba da aron rigar ga wani baje koli a Lyon, aka ce daga can za a kwantar da ita a akwati don haske yana cin launinta. Salifou ya daina cin abincin kirki. Damuwarsa ɗaya ce. In aka rufe akwatin, ya mutu, shi ke nan babu wanda ya san mata biyu ne suka yi rigar.

Ya roƙe ni in raka shi Lyon. Na je ina gunaguni, kuma don ina da wani abokin ciniki a can ne.

Da hantsi muka shiga wurin. Sai ga rigar an kafa ta a kusurwa, gefen hagun yana kallon bango. Salifou ya tsaya cak. Sannan ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya manna kunci da bango yana leƙe. Mai gadin wurin ya matso ya ce, "Monsieur, reculez, s'il vous plaît." Ja da baya ke nan. Kalmomin da shi kansa ya shekara ashirin da shida yana faɗa wa mutane. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni kuma kunya ta kama ni.

Akwai wata tsohuwa zaune a ƴar kujera kusa da gilashin, da jar hula. Ashe tana cikin ƴan Innu da aka gayyato daga Kanada don baje kolin. Ta tambaye shi da Faransanci abin da yake nema. Ya miƙe da ƙyar ya gaya mata, tiryan-tiryan, yadda ya saba gaya mini. Ita ba ta duba agogo ba. Ta sa aka kira masu kula da kayan, kuma da yake baƙuwarsu ce suka sa safar hannu suka juya rigar.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce kakarta ta yi mata haka. Ta huda fata da ƙashin da ake kankare ta da shi tana shekara tara, kakar ta karɓa ta ɗinke.

Daga nan na zama ɗan kallo. Ita tana ba shi labarin tausasa fata da ƙwaƙwalwar dabba, shi yana ba ta na bagaruwa da toka, suna kwatantawa da hannu a iska, har suna gardama. Ban taɓa ganin haƙoran Salifou a waje haka ba. Can ta ciro wani ɗan littafi daga jakarta. Ta ce tana tattara abubuwan da tsofaffin takardu suka tsallake. Ta rubuta maganar ɗinkin, ta rubuta sunansa. Sannan ta ɗago ta ce, "Wa ya koya maka ganin fata?"

Ya ce, "Ilya. Ilya Majemi. Mahaifina." Ta sa ya faɗa mata harafi-harafi, ta maimaita har sai da ta faɗa daidai.

A jirgin ƙasa muka doshi Paris, rana ta yi sanyi. Salifou ya ce, yana kallon taga, "Ni ma na taɓa huda wata fatar akuya, ta wani babban baduku. Baba ya ɗinke ta, ya ce shi ne hannunsa ya zame. Ban taɓa yi masa godiya ba." Ya goge fuska da hularsa. "Shekara arba'in a ƙasar nan, Daouda. Sunansa sai a takardar izinin zamana. Yau ne aka tambaye ni shi saboda aikinsa."

Shekara goma sha ɗaya ƙofata tana kallon tasa, sai da wata tsohuwa daga ƙasar ƙanƙara ta tambaye shi na fara jin sunan mahaifinsa.