Na Tsaye da Na Ƙasa

Direba aka ɗauke ni a gidan wani dattijo Balarabe a unguwar Aziziya, can ƙasar Larabawa, sai korona ta zo, mota ta zauna, ni ma na zauna. Idon tsohon ya yi rauni, ga shi da akwati cike da tsofaffin kwabban Rumawa. Shi ke nan aikina ya koma riƙe gilashin ƙara girman abu, da takunkumi a hancina, ina faɗa masa abin da na gani a jikinsu.

Akwai wani kwabo, kore shar don tsufa. Gefe ɗaya kan sarki ne. Ɗaya gefen kuwa soja ne a tsaye, ya caka wa wani mashi, shi kuma dokinsa ya faɗi da shi, ya ɗaga hannu. Tsohon ya ce rubutun da ya kewaye su cewa yake kwanakin daɗi sun dawo.

"Baba, daɗin wa?" na ce. "Ana kashe mutum fa!"

"Yalla, maza karanta. Kuma ka daina fara mini da na ƙasan, don na tsayen aka buga kuɗin."

Ni kuwa kaina ya ɗaure, wallahi. Ƙanena soja ne a dajin Borno, kuma wayarsa ta daina shiga. Tunda soja ne, ai shi ne na tsayen, ko ba haka ba? To me ya sa kullum idona kan na ƙasan yake sauka? Innarmu ta kira ta ce, "Kai da ke waje, ba ka ji komai ba?" Ina zan ji, Inna, ni da ko ƙofar gida ba na fita?

Aka buɗe gari, har gasar ƙwallon duniya ta zo ƙasar. Ina Korniche, titin bakin teku, cikin cunkoso, ga ham ɗin motoci, ga tutoci, sai wani abokin aikin ƙanena ya samo lambata ya kira. Ya ce tun lokacin kullen korona aka binne shi, ya zaci an gaya mana. Na ce masa na gode. Har yau ban san godiyar me na yi ba.

Bayan kwanaki, da ya ji labarin, tsohon ya sa na ɗauko akwatin. Ya laluba da yatsa har ya gane koren nan, ya miƙo mini. Na karɓa.

Ya ce, "Fara da na ƙasan, ɗana. Mene ne ya saka a kansa?"

Na kai gilashin. Hula ce, ashe. Duk zaman nan ban taɓa lura ba.