Raga ɗaya aka sa mana

Ni da yayan matata dako muke yi a filin jirgin Madina, muna ɗaukar kayan alhazai. Shi a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Kano, don haka ɗan ƙasa ne. Ni kuwa daga Chadi na zo, ina zaune da iƙama, takardar izinin zama, a hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini.

A shekara ɗaya ƙaba ta fito mana. Shi ya fara zuwa wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan unguwar Sultana, ya dawo yana yabon likitan. Wai yanzu raga ake shimfiɗawa a ciki a ɗinke, ba ta sake fitowa. Na bi sahunsa.

Ba a daɗe ba wurin ɗinkin ya kumbura mana, ya fara zubar da ruwa. In na sunkuya ruku'u sai in ji kamar ana jan waya a marata. Likitan ya yi ta ba mu ƙwayoyi, yana cewa mu yi haƙuri.

Yaya bai yi haƙuri ba, ya kai ƙara. Na je wa kafilina da maganar in bi bayansa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Aiki ka zo yi ko shari'a? Zaɓi ɗaya."

Wata rana bayan la'asar Yaya ya zo gidanmu. Ya ce, "Ƙanena, shaida nake nema. Likitan ya ce ni na jawo wa kaina, wai na koma ɗaukar kaya da wuri. Kai ai ka huta yadda ya ce. Ka zo su gani."

Na je. Ga alƙali, ga likitoci biyu. Yaya ya zauna a kujera yana zuba Larabcin Madina, ba ya ko laluben kalma, suna saurare suna gyaɗa kai. Ni ina tsaye, na ɗaga riga, suka danna, suka yi magana a tsakaninsu. Alƙalin ya tambaye ni ko ni ma ina da ƙara. Na ce a'a. Na ji haushin Yaya a lokacin fiye da na likitan.

Ya ci shari'ar. Aka tura shi Jidda aka cire ragar, aka biya shi diyya. Ya bar dako, ya shiga haɗin gwiwa a wata gonar dabino a Awali. Ranar Juma'a sai in hango shi yana tafe a miƙe cikin farar riga, ni ina dafe da gefe. Matata ta yi ta murna da samun sauƙin yayanta, murnar tana ƙona ni. In ta fara labarinsa sai in tashi in fita.

Bai taɓa yi mini gori ba. Har ya ce in koma gonar in riƙa kula da ban ruwa, babu ɗaukar nauyi. Na ce na gode, ban je ba. Ba zan iya ganinsa kullum yana hawa bishiya ba.

Tawa ragar sai da zazzaɓi ya kayar da ni a bakin aiki, motar asibiti ta ɗauke ni, sannan aka cire ta. Da na farfaɗo Yaya ne zaune a gefen gadon. Ya ce, "Sannu, ƙanena." Na amsa, na juya fuskata ga bango.