Gwafannin Cindo

Cindo ba ya wuce sandar waya sai ya ɗora kunne a jikinta. In ya ji tana gunji, ya ce "tana raye," ya ja jakinsa ya yi gaba. Shi gidan waya ya ɗauka ya kula da layin da gwamnati ta ja daga Tasawa zuwa Mayahi, waya guda tak a kan sandunan icce masu kwalta.

A lokacin fari na shekarar tamanin da huɗu, zamanin soja, wayar nan ita ce bakinmu. Da ita ake shaida wa manya rumbuna sun ƙare a Kanan-Bakashe, a turo kamiyo, babbar mota, da tsaba. In ta yanke, kamiyo sai ya nufi wasu garuruwan da aka ji kukansu.

Sai sanduna suka fara ɓacewa, yau biyu, jibi uku, waya ta kwanta cikin rairayi. A kasuwa kuma aka fara ganin iccen girki miƙaƙƙe mai warin kwalta. Masu sayar da shi duk da goyo a bayansu.

Kumandan, mai mulkin yankin, ya kira Cindo.

"Su wa ke sare sandunan gwamnati?"

"Gara ce, ranka ya daɗe."

"Gara mai gatari?"

"Bana kowa ya ji yunwa, ranka ya daɗe."

Aka ba shi kwana bakwai: ko layi ya tashi, ko ya kawo sunaye.

Ya koma gida ya tsaya yana duban rumfar ƙofarsa, inda muke zama da hantsi. Matarsa Zuhura ta leƙo, ta dube shi, ta dubi rumfar.

"Malam, in ka gama da ita, ka dai bar mana ɗakin kwana."

Ya kwance rumfa, ya loda gwafanninta takwas a amalanke, ya bi layi yana kafawa. Gajeru ne, har mai raƙumi sai ya sunkuya ya wuce. Amma kowa ya san na wane ne, kuma gara ba ta taɓa su ba. Ran kwana na shida waya ta yi magana. Kamiyo ya iso kafin kasuwa ta zagayo.

Shekara uku muna gaisawa da shi a rana. Da aka kawo sandunan ƙarfe, ya bi layi ya tumɓuko gwafanninsa ya dawo da su gida. Ya kafa biyar, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba. Sauran ukun suna jingine da danga, ramukansu a tone.