Jeren Kakata a Idon Gilashi

Damina ce ta tsaga soron kakata a Ƙofar Gayan, magini ya duba ya ce sai dai a rushe. A ɗakin nan ta raine ni bayan rasuwar mahaifina. Kafin a kwashe kaya sai ta aiko in zo in ɗauke ta hoto a ciki, amma kada in kuskura in haska mata filasha, idonta ba ya so.

To fa! Tagar ɗakin ba ta fi faifai ba, ko da rana tsaka sai ka tsaya idonka ya saba. Gilashin da ke bakin kyamarata kuwa rago ne, haske na raguwa yake fara lalube.

Na je wurin wani abokina mai ɗaukar hoton biki, ya ara mini gilashin kyamararsa, irin mai faɗin idon nan da ke zuƙar haske ko a duhu. Kai! Wuni na yi ina juya shi. Ga nauyi, gindinsa kuma ƙarfe ne, ba roba ba. Na girgiza shi a kunne, shiru. Na murza zoben da ke jikinsa, yana tafiya sumul, ba ya cijewa. Na haska tocila ta ciki ina neman funfuna, ban ga komai ba sai 'yar ƙura. Na buɗe idon har ƙarshe na gwada shi kan akuyar maƙwabta a bakin zaure: gashin idonta ya fito ɗaya-ɗaya, bangon bayanta kuwa ya narke kamar man shanu. Kusurwoyin hoton sun ɗan yi duhu, amma wa ya damu? Narkewar bayan nan ita masu hoto ke mutuwa a kai.

Na tarar ta ci ado ta zauna bakin gado, jerenta a bayanta: tasoshi da kwalla da samira, wani kan wani har kusa da rufi.

"Angona, yau dai a fito da amarya," in ji ta.

"Amaryar da ba haƙori?"

"Ungo naka!"

Na danna. Wallahi hoton ya yi kyau. A duhun nan har zanen da ke kumatunta ya fito. Na miƙa mata kyamarar ina ta washe baki, ta kai ta dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Ina jerena?"

"Ga shi nan a bayanki, Hajiya. Haka ake yayi yanzu."

"Yayin gidanku! Wannan gilashin naka ciwona gare shi. Ai haka nake ganinsu kullum, dishi-dishi. Wa ya ce maka fuskata nake nema? So nake in ga kayana a inda suke kafin a sauke su."

Na san yanar ido ta kama ta, amma ban san ba ta ganin komai sai abin da ta kawo kusa da hanci ba.

Na tsuke idon gilashin don komai ya fito, sai hoton ya yi baƙi. Na ba shi lokaci ya sha haske, hannuna ya yi rawa, komai ya cakuɗe. Har na fara tsaki, sai na tuna da akuyar nan. Ai abu ɗaya gilashin yake gani a lokaci guda, amma fa yana ganinsa tsaf. Na jawo turmi na kife, na hau, na shiga bin jeren ɗaya bayan ɗaya. In na ɗauka in sauko in nuna mata.

Tana gani tana ba da labari. Wannan ta aurenta ce, waccan tsarabar Makka ce, wancan kuma kwanon aro ne, mai shi ta rasu ba ta karɓa ba. Muna ta dariya.

Da muka zo kan wata ƙaramar tasa ta can sama, mai lotsawa a gefe, na ce bari in juya ta don kada ta ɓata hoton.

"Kul! Ɗauko hotonta yadda take."

Na ɗauka na nuna mata. Ta sa babban yatsa tana shafa wurin a fuskar kyamarar.

"Ubanka ne ya yi ganga da ita, yana ɗan yaye," in ji ta. "Ashe tana nan."