Malam Sule Masinja, wanda ya ƙi komawa da takardar Sudan

Da safiyar nan jikata ta miƙo mini waya, aka ce Malam Sule Masinja ya rasu a Tudun Wada.

Har yanzu ban iya cin komai ba.

Kafin 'yancin kai, ina 'yar shekara shida, babanmu ya tafi Makka ta ƙasa da yayata Binta. Ya rasu a Sudan, ba mu sani ba. Alƙalin can ya rubuto cewa in uwar yarinya na raye ta amsa da kanta, in ba a ji daga gare ta ba kafin ƙarshen damina, za a bar Binta a gidan da suka riƙe ta. Takardar ta bi ofis-ofis har Kano, ta iso kotun Tudun Wada saura kwanaki kaɗan.

Malam Sule, masinjan kotun, shi ne ya hawo keke da ita zuwa ƙauyenmu a Doguwa.

A zamanin nan duk takardar kotu ɗauri ce a wurinmu. Kawu na ganin hatimi ya ɓoye Inna a gidan maƙwabta, ya rantse ta yi tafiya. Daga baya ya ce a ba shi takardar. Malam Sule ya ce doka ta ce hannu da hannu, kuma maganar ba ta kowa ba ce sai tata.

Kwana uku yana zaune a gindin tsamiya, ruwan sama na dukansa.

Rana ta uku Inna ta zo bayan zana da kanta. Ya karanta mata a hankali, ya yi mata ta'aziyya. Ta zuro hannu ta ƙasan zana, ya shafa mata tawada, ta dangwala a takardar, shaidar tana raye.

Bayan shekara biyu Binta ta dawo.

Ku 'ya'yana da ke aikin ofis, ku ji kunya. Takardar mutum na kan teburinku kuna cewa a dawo gobe.

Da ƙaramar sallah na je gaishe shi, idonsa ya tafi. Na tuna masa, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kawun nan naku ko fura bai ba ni ba."

Yaya Binta ba ta ji rasuwarsa ba tukuna. Sau biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu, kada ya danna hotonsa da na sa a nan kawai ya wuce.