Shekarar da Tagogin Kawu Suka Fara Dawowa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a bakin tebur ɗaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a wani shagon haɗa tagogi. Abokan aikinsa Baba Danƙo suke kiransa. Idan an yanka gilashi biyu, an wanke, an sa siririn ƙarfe a tsakaninsu don ya raba su, sai a turo masa. Shi ne zai bi gefen da baƙin danƙo ya liƙe tsaf. Irin wannan taga tana tare zafi da hayaniyar titi, amma in gefenta ya bar kafa ko da kamar tsinin allura ce, laima za ta shiga, gilashin ya riƙa gumi a tsakiya, inda tsumma ba ya kaiwa.

Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa, da muke kira Inna, takan ce da ragowar danƙon yake liƙe bakinsa kafin ya dawo gida. Amma in kana tafiya da shi, sai ka ga ya rage sauri a gaban wani bene, ya ɗaga kai, ya ce waccan tagar tasa ce, tun kafin a haife ka take nan, kuma har yau garau.

Inna ce ta fara lura da rawar hannunsa, ranar da shayi ya zube masa a riga. Ya ce gajiya ce. A shago ya koma tallafe hannun dama da na hagu, aikin kuma yana fita da kyau a ido. Sai dai aibin liƙi ba ya nuna kansa da wuri. Sai rana ta gasa gilashin, sanyi ya biyo baya, ya buɗe ya tsuke, sannan wurin da danƙon bai kama ba ya saki.

Bayan damina tagogi suka fara dawowa, kowace da gumi a ciki. Mai shagon, ɗan mutumin da ya ɗauki Kawu aiki, ya ɗora laifin a kan mai kawo musu danƙo, ya yi ta faɗa da shi a waya. Kawu ya ɗauki ɗaya daga cikin tagogin, ya bi kusurwarta da babban yatsa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗana, ka ƙyale bawan Allahn nan," in ji shi. "Danƙon lafiyarsa ƙalau. Hannuna ne."

Mai shagon bai kore shi ba. Ya sa masa kujera kusa da teburin, ya ce ya riƙa duba aikin sauran. Ana gaishe shi, ana kawo masa shayi, amma ba wanda yake tambayarsa komai. Bai yi wata guda ba ya kankare wuƙar aikinsa, ya rataye rigar aikin, ya yi wa kowa sallama.

Likita ya ba shi magani, rawar ta ɗan lafa, ba ta tafi ba. Duk zuwan da na yi gaishe shi, tambayarsa ɗaya ce: ko an canza wa wata tsohuwa mai ciwon ƙirji tagar ɗakinta? Ɗanta ne ya sa aka yi mata, tagar kuma tana cikin na ƙarshe da Kawu ya liƙe. Na je shagon na tambaya, aka ce an canza tuni. Na faɗa masa, ya yi hamdala, amma bayan mako guda ya sake tambaya.

A ƙarshe ko maɓallin riga ba ya iya sawa, sai Inna ta sa masa. Takan yi masa tsiya wai ya zama jariri, shi kuma ya yi murmushi ya kau da kai. Ya rasu da hantsi, tana tsakar gida tana shanya masa kaya.