Ni Na Tuƙa Shi Zuwa Waƙarsa Ta Ƙarshe

Assalamu alaikum Edita, tare da masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ban taɓa zaton nawa zai biyo sahu ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni direba ne a Doha, ƙasar Qatar. Mutumin Zariya ne ni, na bar mata da yara biyu a gida, ina aiki da wani kamfani da ke ba manyan otal hayar motoci da direbobi. A unguwar Mansura nake kwana, ɗaki ɗaya da wasu 'yan uwa 'yan Arewa, gado bisa gado. Ni mutum ne mai gudun fitina. Abin da na tarar ana faɗa wa duk sabon zuwa shi ne kada ka bari sunanka ya kai kunnen kafil, wato mutumin da zamanka a ƙasar ke hannunsa. Na riƙe wannan karatu fiye da kima.

Ana dab da annobar korona aka haɗa ni da wani Bature ɗan Italiya, mawaƙi, wanda wani otal ya ɗauko yana yi wa baƙi waƙa da maraice. Dogo ne siriri, furfura ta fara keto masa. Tun ranar farko ya ƙi zaman baya, ya buɗe gaba ya zauna kusa da ni. Da guntun Turancinsa da guntun nawa ya ba ni labarinsa. Ɗan masunci ne daga wani ƙaramin gari na bakin teku. Da tsohuwar jitar kawunsa ya fara, kuma shi ke rubuta waƙoƙinsa da kansa. Yana saurayi ya ci wata gasa, ya saki waƙa ɗaya da ta game ƙasarsu, gidan rediyo, motar haya, wurin biki, ko'ina ita ce. Faifan da ya biyo baya bai karɓu ba, na bayansa ma haka. Ya ce mini wata safiya ya farka ya ga waɗanda ke layi a ƙofarsa sun daina ɗaga wayarsa. Haka ya gangaro har ya zama mai yi wa masu cin abinci waƙa, suna hira suna buga cokula.

Da annoba ta zo aka rufe otal, jirage suka tsaya. Manajansa ya riga ya gudu Italiya, ya bar shi shi kaɗai a wani gidan sama a unguwar Al-Sadd. Aikina ya koma kai masa cefane in ajiye a bakin ƙofa. Ba zan manta Doha ta wancan lokacin ba. In na bi ta Corniche, babban titin bakin teku, ba kowa, sai jiragen ruwan katako a ɗaure suna lilo, sai jiniyar motar asibiti daga nesa. A cikin kwanakin ne mahaifiyarsa ta rasu a can garinsu, aka binne ta ba ɗanta a kusa. Ranar na same shi zaune a ƙasa ƙofa a buɗe. Na tsaya daga nesa da takunkumi a fuskata na yi masa ta'aziyya irin tamu. Bai gane kalmomin ba, amma ya yi kuka. Bayan haka duk na hau bene sai in ji jita. Ya rubuta wa tsohuwar waƙa, ya ɗauki kansa da waya ya sa a intanet. Ban san ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba, amma da ya rera mini ita sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe ba ni kaɗai ba. Mutanen ƙasarsu da suka rasa iyaye irin wannan rashi suka yi ta yaɗa ta, sunan da aka manta ya dawo bakin mutane.

Ungulu ba ta jewar banza. Ana buɗe hanya sai ga manaja ya sauka. Gajere ne mai yawan turare, dariyarsa ba ta wuce haƙora. Bai taɓa tambayar sunana ba, da ƙyasta yatsu yake kirana. Tun ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi ban yarda da shi ba, ban san dalili ba. Mawaƙin da ke zama gaba muna hira ya koma baya kusa da shi, ya yi tsit kamar yaron da aka kama da laifi.

Da gasar cin kofin duniya ta ƙarato, manaja ya cika masa kwanaki da wasanni, yau otal, gobe jirgin ruwa, jibi dandalin 'yan kallo. Ya ce duniya ce ta zo har ƙofar gida, wanda bai ci yanzu ba ba zai sake ci ba. Mawaƙin kan tsokane ni cewa Italiya ba ta samu zuwa gasar ba, Najeriya ma haka, don haka ni da shi ne wakilan ƙasashenmu. Amma ko dariyar ya yi sai ta ƙare da tari. Muryarsa ta fara dishewa. Da safe ba ya iya gaisuwa sai da hannu, da yamma kuma sai ka ji shi a dandali garau kamar ba shi ba. Wannan ya ɗaure mini kai, har ranar da manaja ya aike ni bayan wani shago a unguwarmu ta Mansura in karɓo saƙo wurin wani mutum. Ƙaramin kwali ne a naɗe cikin leda. Ya ce maganin maƙogwaro ne da babu irinsa a kemis. Na karɓo sau ɗaya, na sake karɓowa, har mai shagon ya san motata.

Akwai wani likita ɗan Katsina da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, dattijo mai son jama'a. Wata Juma'a bayan an sallame na nuna masa hoton kwalayen a wayata. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe, ya kira ni ƙanensa, ya ce ɗaya allura ce mai danne kumburi ta ɓoye ciwo alhali ciwon na ci a ciki, ɗayan kuma ƙwaya ce mai hana barci da gajiya, wadda riƙe ta ba takardar likita babban laifi ne. Ya ce a wannan ƙasa wanda aka samu da kaya shi ne mai kaya, ba ruwan hukuma da wanda ya aiko ka. Ya roƙe ni don Allah in janye hannuna, in kuma lallaɓa mutumin ya zo asibiti kafin maƙogwaron ya fashe. Na ce to Likita, in sha Allahu. Na fita daga masallaci da niyya mai kyau, amma ina ganin manaja niyyar ta narke. Na ce wa kaina saura kaɗan gasar ta ƙare kowa ya huta.

Ranar da abin ya faru, an shirya wa mawaƙin wasa mafi girma, a wani dandali kusa da Corniche, kuma za a nuna kai tsaye a ƙasarsu. Manaja ya riga mu tafiya. Bayan la'asar mawaƙin ya sauko shi kaɗai, ya buɗe gaba ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya buɗe hankicinsa ya nuna mini. Jini ne, ba ɗigo ba, gudaji. Ya matso kusa da kunnena, cikin raɗa ya ce in kai shi asibiti. Na ɗauki hanyar asibiti ba gardama. Mun yi nisa sai wayata ta yi ƙara. Manaja ne. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce yana ganin inda motar take a wayarsa. Ya ce ya san kafil ɗina, sun sha shayi tare. Ya ce shagon Mansura akwai kyamara, kuma ba fuskarsa ce a ciki ba. Daga nan ya ce yalla, wato maza-maza da Larabci, ya kashe.

Gabanmu akwai shataletale. Dama asibiti, hagu dandali. Na tuna yarana, na tuna ginin da na fara a gida ko rufi ba a yi ba. Na zagaya shataletalen na wuce hanyar dama ina kallonta, na karya hagu. Ya gani sarai. Na jira ya zage ni, ko ya riƙe sitiyari, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya dafa kafaɗata ya ce khalas, kalmar Larabcin da ya fi so, wato shi ke nan. Ya juya yana kallon teku har muka isa.

Manaja ya shige da shi wata rumfa a bayan dandali. Da mawaƙin ya fito idanunsa na ƙyalli, yana tafiya kamar saurayi. Na tsaya daga gefe cikin ma'aikata. Jama'a maƙil, tutoci kala-kala, rana na shirin faɗuwa. Ya yi waƙa ta farko, ya yi ta biyu, wurin ya ɗauki sowa. Har na fara cewa ashe tsorona na banza ne. Sai ya ɗauko waƙar mahaifiyarsa. Akwai wani wuri a cikinta da yake jan murya sama ya riƙe. Ya ja, ya kai tsakiya, sai na ji wani sauti kamar an keta ƙyalle, muryar ta ɗauke. Bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Mutane suka ɗauka na'ura ce ta lalace, suka hau tafi suna ƙarasa masa waƙar. Suna cikin rerawa ya durƙusa, jini ya ɓata gaban farar rigarsa.

A asibiti likitoci suka ga abin da ke cikin jininsa, suka sanar da hukuma. Kafin a nemi manaja ya hau jirgi. Washegari 'yan sanda suka zo harabar kamfaninmu, suka buɗe motata, suka zaro ragowar kwalayen daga ƙarƙashin kujerar baya, inda ban san an cusa su ba. Abokan aikina na kallo aka tafi da ni. Ba wanda ya taɓa lafiyata a inda aka tsare ni, amma ban taɓa sanin tsoro irin wannan ba. Tambaya ɗaya ake maimaita mini, wa ke sayarwa, wa nake kai wa. In na ce manaja, sai a ce ina yake. Ina jiyo ihun ƙwallo daga talabijin ɗin masu gadi, duniya na shagali, ni ina lissafin shekarun da yarana za su kai kafin su sake ganina. Matata ta yi ta kira ba a ɗauka, har ta fara karɓar jaje.

Wata safiya aka kira ni aka ce in tafi. Likitan nan na Katsina na tarar a waje, shi ya yi ta faɗi-tashi a kaina, shi kuma ya gaya mini abin da ya faru. An yi wa mawaƙin aiki a maƙogwaro, aka gargaɗe shi kada ya furta ko kalma ɗaya har sai ya warke, in ba haka ba ɗinkin zai ɓalle, muryar ta tafi ke nan. Ya rubuta wa jami'in bincike cewa ba ni da laifi. Jami'in ya ce rubutu bai wadatar ba, sai an yi masa tambayoyi baki da baki gaban tafinta, don haka za a jira ya warke, ni kuma a miƙa ni kotu kafin nan. Da mawaƙin ya ji haka ya ce a kira tafinta. Likitocinsa suka hana, ya ƙi ji. Ya amsa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana tofar da jini. Ya ce ni ɗan aike ne, ban san abin da ke cikin kwalin ba. Da aka tambaye shi dalilin da motar ta bar hanyar asibiti, ya ce shi ya umarce ni in juya.

Kamfani ya sallame ni. Kafin in taso gida na je duba mawaƙin. Na durƙusa gaban gadonsa na nemi gafara, ina magana hawaye na zuba. Ya buɗe baki zai amsa, iska kawai ta fito. Sai ya kama hannuna ya ɗaga ni tsaye. Daga baya na ji ya koma garinsu, yana rubuta wa matasan mawaƙa waƙoƙi suna rerawa. Shi kam bai sake hawa dandali ba.

Na tambayi Likita ko da na bi dama a ranar muryar za ta tsira. Ya ce Allah ne masani. Wannan amsar nake kwana da ita nake tashi da ita. Mutumin nan ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, abin da ya mallaka a duniya muryarsa ce. Ni na ƙi saka aikina a haɗari dominsa, shi ya ba da ita dungurungum domina.

'Yan uwana masu fita neman halal a ƙasashen mutane, kada ku karɓi saƙon da ba ku san cikinsa ba, ko wane ne ya aike ku. In mai ilimi ya gargaɗe ku, kada ku ce sai gobe. Kuma ku sani, mai yi muku barazana da kafil ya riga ya tanadi hanyar gudunsa, ku zai bari da kaya. Tsoron rasa abinci ya sa na yi abin da na san ba daidai ba ne, kuma abincin bai tsira ba. Yanzu haya nake yi tsakanin Zariya da Kaduna. Duk fasinjan da ya ce mini asibiti, kashe wayata nake fara yi kafin in tayar da mota.